Hannun da Ya Wanke Malam Hashimu

Ina riƙe da ƙafar wani farin kare, abin yankan farce a hannuna, waya ta yi ƙara. Anti Rabi ce, matar Malam Hashimu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Nafi'u, babanka ya tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuciyata ta ce in yar da komai in ruga asibiti, amma karen yana kan tebur da igiya a wuya, kuma abu na farko da marigayin ya koya mini shi ne ba a juya wa kare baya yana kan tebur. In ya yi tsalle, igiyar ce za ta shaƙe shi. Na sauke shi, na kai shi keji, na rufe. Sai a lokacin na ruga asibiti.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hashimu mutumin Zariya ne, kuma aikinsa wanka da aski ga karnuka a shagon wata 'yar China a unguwar Brickfields, a nan ƙasar waje da muke zaune. Na faɗa a fili, tunda da yawanku, mutanenmu mazauna nan, kun fi son ku ce "yana aiki a wani kedai", wato shago, ku yi shiru. Ba shi ya haife ni ba. A unguwar Chow Kit ya tsince ni, bayan makarantar da aka kawo ni dominta ta zama labari, ya ce in ina da haƙuri akwai sana'a. Na ce ba ni da shi. Ya ce, "To zo, karnuka za su koya maka."

Shi ya hana ni jiƙa kare kafin in tsefe shi, don gashin da ya cuɗe in ya sha ruwa sai ya ƙulle tamau. Shi ya nuna mini yadda ake rage baƙin farce kaɗan-kaɗan, saboda jijiyar ciki ba ta ganuwa. Injin aski ko ruwan wanka, sai ya ɗora a bayan hannunsa tukuna ya ji zafinsu. Yakan ce, "Abin da fatarka ba za ta jure ba, kada ka ɗora wa wanda ba shi da baki." A garin da iska kanta jiƙaƙƙiya ce, ba ya sallamar kare sai ya busar da shi har fata, ko da mai shi yana buga ƙafa a bakin ƙofa.

Wata rana wani ya kawo ƙaton kare yana cewa da salon maganar mutanen nan, "Ba ya cizo, lah." Malam ya dubi yadda karen yake lasar baki yana nuna farin ido, ya ce in kawo takunkumi. Kafin in juyo karen ya kama Malam a hannu. Na hau mutumin da masifa. Malam, jini na zuba, ya ce, "Nafi'u, rage murya, kana ƙara tsorata shi. Mai kare yakan yi ƙarya, kare ba ya yi." Bai saki igiyar ba sai da karen ya kwanta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da aka kai gawar masallacin unguwarsu a Pantai Dalam, sai Alhaji Mansur, ɗan kasuwar da ya saba yi wa mutanenmu wankan gawa, ya ja ni gefe.

"Nafi'u, ka san mutanen ƙasar nan da kare. A wurinsu babbar najasa ce. In suka ji sana'arsa, da wane ido za su kalle mu? A nemo ma'aikatan asibiti su yi a asirce."

Na ce, "Alhaji, naman sunan 'yarsa da hannu biyu ka ci. Yau ne hannunsa ya zama ƙazanta?"

"Kai, yaro, ka iya bakinka!"

Ban iya ba. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma da idona na karanta a littattafan fiƙihunmu cewa kare mai rai ba najasa ba ne, kuma ko a wurin waɗanda suka ce najasa ne, ba wanda ya ce a bar Musulmi ba wanka. Na faɗa da ƙarfi. Jama'a suka sunkuyar da kai. La'asar tana matsowa, masu haƙa kabari suna jira, Anti Rabi tana bayan labule tana jin komai, 'yarta Zainabu tana tambayarta da Turanci me ya sa ba a fara ba.

Sai Pak Mat, dattijon ɗan ƙasar nan da ke kula da ɗakin wankan gawa, ya fito yana naɗe hannun riga. Ya tambayi abin da ake jira. Ni na amsa. Na gaya masa sana'ar Malam ba tare da na rage komai ba.

Ya ce, "Wannan ne? Ai na sani tuntuni. Sabulun yumɓun da yake wanke hannu da shi, ni nake sayo masa."

Ashe duk ranar duniya, kafin ya taka masallacin, Malam yana wanke hannuwansa sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda mutanen nan suke yi, ya kuma sauya tufafi. Mazhabarsa ba ta tilasta masa ba. Don kada ya sa wa maƙwabcinsa na sahu shakka a sallarsa yake yi. Ni ma ya sa ni ina yi, ina gunaguni, ban san har dattijon ya sani ba.

Pak Mat ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗansa? Boleh, ba laifi. Shigo."

Ban taɓa wanke gawa ba. Pak Mat ya yi ta nuna mini, ni kuwa hannuna ya riga ni: sai da na taɓa ruwan a bayan hannuna, sai da na ce, "Malam, zan juya ka," don marigayin ne ya koya mini a yi wa kare magana kafin a taɓa shi. A hannunsa na dama na ga tabon cizon nan. Muna cikin yi aka turo ƙofa. Alhaji Mansur ne, da buta. Na matsa masa wuri. Malam ya taɓa ce mini wanda ya matso da kansa ba a daka masa tsawa.

Ya Allah, bawanka Hashimu ya tausaya wa halittunka marasa baki, Ka tausaya masa. Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka wanke shi daga zunubai wankan da ya fi namu. Ka ba Anti Rabi juriya, Ka raya Zainabu ta faɗi sana'ar ubanta ba tare da ta rage murya ba. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.