Tofin Kaka a Ruwan Rijiya

Ko zan manta komai na karatuna, ban da ranar da kakata ta yi wa kwalabena tofi.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin auna sinadarin kabon da ke cikin ruwan rijiyoyin yankinmu. Kabon ɗin iri-iri ne, wani ya fi wani nauyi, kuma da su ake gane daɗewar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Sharaɗin dai a cika kwalba taf, a toshe, kada iska ta shiga. Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin Kafinsoli da Mawashi kafin na haɗa kwalba goma sha biyu, na jera a ɗakin kakata a Kankiya. Malaminmu ya ce wanda bai kai nasa ba ran Alhamis da la'asar, sai baɗi.

Alhamis da hantsi na shiga ɗauka, na tarar kakata Iya ta miƙe ƙafa, murfi a cinya, kwalba a bakinta, tana tofi. Aikina ya lalace ke nan, domin numfashin mutum cike yake da kabon.

"Iya, mi kike yi?"

"Addu'a nike maka, maigidan. Saura biyu."

"Kin kashe ni, Iya."

"Sau biyu ina tambayarka, ka ce mani ruwan jarrabawa ne. To, ruwan jarrabawa ba a yi mashi tofi?"

Gaskiyarta, ni na gajarce mata, don a lokacin gani nake boko ya fi ƙarfin tsohuwa.

Na suri sababbin kwalabe na hau babur. A Mawashi na iske makiyaya suna shayar da shanu, na tsaya ina duba rana ina cizon yatsa, har wani dattijo ya ji tausayina ya miƙo mini guga. Kwalba biyar na samu, na haɗa da biyun da suka tsira, na isa makaranta ana kiran la'asar. Malam ya ji labari, ya yi dariya har da hawaye, ya karɓa.

Har Iya ta rasu tana cewa tofinta ne ya fitar da ni, ban taɓa musa mata ba. Tun daga ranar na koyi cewa in mai ƙaunarka ya tambaye ka aikinka, ka zauna ka yi masa bayani. In ka raina shi, zai taimake ka ne da iya abin da ya fahimta.