Rigar da Ba Ta da Lamba

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki alƙalami. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron faɗin abin da ba daidai ba a kan mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sau uku ina fara rubutun nan ina yagawa. Amma shekaru sun ja, ga kayan wani a akwatina, don haka ku yi haƙuri da ni.

Sunana Isyaku. A shekarun saba'in, bayan an bar fam da sule an koma naira, na yi aikin akawun ɗakin wanki a jami'a a nan Kano. Ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin da mutum kan tsaya a ƙofar gida ya hango gonakin gero har Tarauni.

Ga yadda aikin yake, don 'yan baya. A farkon shekara kowane ɗalibi yakan biya abin da muke kira kuɗin hidima. Daga ciki ake kula da asibitin makaranta, da motar ɗalibai, da wasanni, da wanki. In ya kawo mini rasit, sai in ba shi lamba, in rubuta ta a cikin wuyan kowace rigarsa da tawadar da ba ta fita. Litinin mu karɓi kaya, Alhamis mu mayar, an wanke an sa sitaci an goge. Jikokina ba sa yarda in na ba su labari. Manyan riguna kuwa mukan kai su Tarauni, wurin Baba Ɗanjuma, tsohon da ke da masu wanki da mabuga a bakin wata rijiya. Shugabanmu, Mista Joseph, mutumin kudu ne haifaffen Kano, kuma dokarsa ɗaya ce: tufa ba ta fita sai da lamba a jikinta.

Har gobe ina ganin wata Litinin a idona. Farkon damina ne, 'yan ajin ƙarshe na cikin jarrabawa. Wani dogon ɗalibi mai wushirya, wanda abokansa ke kira Alƙali, ya jira sai da layi ya ƙare, sannan ya buɗe wani ƙunshi. Babbar riga ce ta saƙi, ɗinkin hannu, aska takwas.

Na ɗauko tawada ke nan sai ya riƙe mini hannu.

"Malam Isyaku, don girman Allah kada ka sa mata wannan. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Da ita nake so in karɓi takardar shaidata."

Na ce, "Doka fa ce, Alƙali. In oga ya gani ni zan sha faɗa."

Ya yi dariya ya ce, "Kai da ko ƙuda ya sauka a littafinka sai ka rubuta rahoto, wa zai yi maka faɗa?"

Ni kaina hannuna bai so taɓa rigar nan da tawada ba. Sai na rubuta lambarsa a 'yar takarda, na maƙala da fil. A littafi kuwa lamba da yawan kaya kawai ake sawa, ba a faɗin irinsu, kuma ranar lambobi sun cika shafi biyu. Sunansa na gaskiya ban tambaya ba. Mu lamba muka sani.

Ruwa ya yi ta sauka, shanya ta ƙi bushewa, mabuga suka yi jinkiri. Sau biyu Alƙali yana zuwa ina ce masa gobe. A na uku jakarsa na rataye a kafaɗa.

"Motar garinmu ba ta jira," in ji shi. "Na bar maka amana. Ranar bikin yaye mu zan zo in saka ta a nan ɗakin naka."

Bayan kwana huɗu na hau keke na je Tarauni. Ga riga ta sha bugu tana sheƙi, amma babu takarda.

Na ce, "Baba, ina 'yar takardar da ke jikinta?"

"Wannan mai rubutu? Ai ba a barin rubutu ya faɗi ƙasa a tattaka, ɗana. Na soke ta a tsagar katanga."

Haka iyayenmu ke yi da duk takardar da suka gani, don ba su san ko da sunan Allah a ciki ba. Muka je katangar. Gara ta riga mu, sai fil ɗin kawai muka samu.

Da lambar nan ce kaɗai za a iya buɗe rasit a ofishin kuɗi a ga sunan mutum da garinsu. Baba Ɗanjuma ya ce, "Kwantar da hankalinka. Mai riga irin wannan ba ya mantuwa da ita."

Ranar biki na tsaya a ƙofar zauren taro da ƙunshin a hammata, tun hantsi har aka watse. Na duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Babu shi. Na liƙa sanarwa a allo. Na tambayi 'yan ɗakin kwanansu, amma 'yan ajinsu duk sun tafi hidimar ƙasa, na baya kuwa laƙabin kawai suka sani.

Ƙa'ida ita ce, kayan da ba su da lamba in sun shekara sai a yi gwanjonsu. Da lokacin ya zo na kasa cin abinci. Na je na faɗa wa Mista Joseph komai, ina jiran takardar kora.

Sai ya ce, "Isyaku, ka karya dokata. Amma albashina da naka daga kuɗin yaran nan yake fitowa. Shi ya biya, an wanke, saura a ba shi. Aikin bai ƙare ba."

Ya jawo littafi ya rubuta cewa an ba ni ajiyar rigar har mai ita ya zo, ya sa hannu. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka je ka ci tuwo, kada damuwa ta kashe ka."

Daga ranar ban sake karɓar tufar kowa ba sai na tambayi sunansa da garinsu. Na gane cewa lambar da na raina ita ce igiyar da ta ɗaure kaya da mai su, kuma wanda ya biya kuɗin hidima shi ne maigidanmu na gaskiya. Mista Joseph ya koma garinsu, Baba Ɗanjuma ya rasu, wurin rijiyar nan yanzu shaguna ne. Rigar kuwa duk bayan damina nakan fito da ita ta sha iska.

To, jama'a, ga roƙona. Dogo ne, fari, mai wushirya, Hausarsa da ɗan harshen Fillanci, kuma ina jin tarihi ya karanta. A aljihun rigar na ciki akwai wani ɗan faci, wanda ba zan faɗi launinsa ba sai mai ita ko ɗansa ya faɗa. Duk wanda ya san Alƙali, ko ya san inda iyalinsa suke, don Allah ya zo Gyaɗi-Gyaɗi ya tambayi gidan Isyaku mai wanki. An wanke, an buga, saura a karɓa.