Salim Ɗin Inna Lamduan

Shekara talatin Lamduan ta yi tana tura kurarta a kasuwar Nonthaburi ta ƙasar Thailand, tana kiran, "Salim! Salim mai sanyi!" Salim taliya ce mai zaƙi, launi-launi, cikin madarar kwakwa da ƙanƙara.

Da zanga-zanga ta ɓarke, sai aka laƙaba wa masu fitowa goyon bayan soja da riguna kala-kala sunan salim. Da farko abin raha ne. Kafin ta ankara, ya zama zagin duk mai goyon bayan soja.

Wata Asabar ta ɗaga murya kamar kullum, sai wani dattijo ya juyo, fuska a murtuke.

"Ke mai kura, da wa kike?"

"Da kayana nake, yallaɓai!"

Ɗaliban da ke gefe suka fashe da dariya. "Faɗa masa gaskiya, Inna!"

Tun ranar hankalinta bai kwanta ba. Ta cire allon kurar mai ɗauke da sunan salim, ta mayar, ta sake cirewa. Sau uku tana canza layi. Yanzu "mai sanyi" kaɗai take kira, tana bin fuskokin mutane da ido kafin ta buɗe baki.