Munsharin Haulatu

Kowa a tashar Adjamé ya san Tasi'u mai yankan tikitin motocin Nijar, kuma kowa likitansa ne. Yana cikin miƙo maka tikiti sai ya ƙame, ido buɗe, ka yi ta magana kamar da bango kake. In ya dawo hayyacinsa ya tambaye ka ina za ka. Da dare kuma ba ya barci. 'Yan dako suka ce ƙwaya ce. Dattawan masallaci suka ce aljana ce ta aure shi, suka yi ta ɗura masa rubutu har cikinsa ya kusa yin sauka. Barci dai bai zo ba.

Sai aka ce aure ne maganin. Aka haɗa shi da Haulatu, haifaffiyar unguwar Treichville, 'yar boko mai barci shiru kamar mage. Kullum ta farka sai ta tarar da yatsansa a ƙarƙashin hancinta, yana gumi. Da ta gaji ta haɗa kayanta, ta nufi wurin Baba Zakari, dattijon da ya riƙe shi.

"Baba, ça suffit, ya isa haka. Ni ba gawa ba ce da za a riƙa duba numfashina."

Baba ya gyara zama. "Wannan ai tsohon zance ne, 'yata. Yana ƙarami suka taso daga Maraɗi da uwarsa. Ya kwanta a jikinta, ya yi ta barci har Adjamé. Da aka zo sauka, ita ta riga ta yi sanyi. Muka ce masa ta koma gida. Yaro ne, ya manta."

Ya manta! Wallahi abin ya ba ni haushi, don Baban nan shi ne kan gaba wajen neman aljanar.

Haulatu ta mai da kayanta ɗaki. Ta zaunar da mijinta suka yi maganar da aka hana shi, suka yi kuka. Sannan ta koyi munshari da gangan, irin na tsohuwar motar haya, gbaka, a kan hawa. Maƙwabta a unguwarsu ta 220 Logements suka kai ƙara, Baba ya tako da hantsi ya yi nasiha: mace mai kunya ba ta munshari.

Ta ce, "Baba, ku kun yi shirunku, mun ga abin da ya haifa. Ku rage murya, mijina na barci."