Ɗaki Mara Taga a Kan Bahar Maliya

A unguwar Tandabawi ta birnin Makka aka haifi Suhaila, a wani lungu mai hawa inda mahaifinta yake gasa tsire tun kafin a haife ta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato ya zo aikin hajji, Allah bai nufa ya koma ba. Ita ce autar Hajiya Kande, kuma duk gidan babu mai ƙafar yawo irinta. In an aike ta sayen gurasa sai ta biya gidaje huɗu ta gaisa kafin ta dawo. Da ta girma ta yi karatu, ta samu aikin koyarwa a makarantar ƙananan yara, sannan ta auri Mukhtaru, direban bas mai jigilar masu umara tsakanin Makka da Madina. Suka kama gida a unguwar Ka'akiyya, hawa na uku.

Shekararsu biyu da aure ta haifi Lujain, yarinya kyakkyawa mai manyan idanu, ba ta da yawan kuka. Amma Suhaila ta yi aiki da yara, ta san lokacin da yaro ke waiwayowa in an kira sunansa, ta san lokacin da yake nuna abu da yatsa. Lujain ta cika shekara biyu ba ta yi ko ɗaya ba. Sai ta zauna gaban injin wanki tana kallon kaya suna juyawa har a gama. Ranar da likita ya ce mata tawahhud ne, wato yarinya ce da ke jin duniya ba kamar yadda sauran mutane ke jin ta ba, Suhaila ba ta yi mamaki ba, ta riga ta sani. A mota ne kuka ya zo mata.

Hajiya Kande ta ce iska ce ta shafi jikarta. Ta zo da zamzam da tofi, Suhaila ta karɓa ta shafa wa yarinyar, ta kuma ci gaba da kai ta wajen likita. Ba su taɓa yin gardama a kan wannan ba.

Ba rana ɗaya gidan ya rufe a kanta ba. Da farko aikin ta ajiye, don babu mai iya riƙe Lujain. Sai bukukuwa, saboda ƙarar lasifika na sa yarinyar ta faɗi ƙasa tana cizon hannunta. Sai ziyarar dangi, tun ranar da Lujain ta fasa madubin gidan yayarta aka yi ta cewa ba komai, da murya mai nuna akwai komai. Tana shekara biyar ta buɗe ƙofa da hantsi, Suhaila tana banɗaki, aka tsince ta a bakin babban titi ba takalmi. A ranar Mukhtaru ya kira kafinta ya ƙara sakata biyu can sama, ya sa ƙarfe a tagogi. Makullin yana rataye a wuyan Suhaila, ko wanka za ta yi ba ta cire shi.

A haka yarinyar ta kai shekara tara. Lujain tana da kalmomi da ba su kai ashirin ba, rabi Larabci rabi Hausa. Ba ta cin komai sai farar shinkafa da gurasar tamis ta wani gidan gurasa guda ɗaya. Sau uku a mako Suhaila tana kai ta wata cibiya ta yara irinta, ta zauna a benci tare da sauran iyaye mata har a tashi.

A wannan cibiya ce malamar yaran, Tahani, ta zo da maganar tafiya.

"Iyalai goma sha biyu," in ji ta. "Jirgin ruwa ne daga Jidda, kwana uku. Mu da namu, a rukuni ɗaya. Wadda ɗanta ya yi ihu ba za ta sunkuyar da kai ba, don na kusa da ita ma haka nata yake. Ummu Lujain, ke nake kallo. Yaushe rabonki da ki kwana a wani wuri?"

Suhaila ta yi dariya kawai, don ba ta tuna ba.

Mukhtaru ya so tafiyar fiye da ita, sai dai ta faɗo cikin cunkoson umara, ba a ba shi hutu ba. "Ki je ki sha iska," ya ce. "Ga mata 'yan'uwanki, ga malama. Me zai faru?" Hajiya Kande kuwa da ta ji sai ta riƙe haɓa. "Mi za ki yi cikin ruwa da ɗiyar ga? Ƙasa ma ya kika ƙare da ita?"

Wata guda Suhaila tana shiri. Kullum da safe ta nuna wa Lujain hoton jirgin, hoton matakala, hoton gado. Ta sayi abin toshe kunne mai laushi. Ta cika jaka da tamis, ta ɗauki kofin roba shuɗi wanda in ba da shi ba yarinyar ba ta shan ruwa.

Ranar tafiya komai ya tafi daidai har abin ya ba ta tsoro. Lujain ta zauna shiru a bas har Jidda, ta bi layi, ta hau jirgin tana riƙe da gefen abayar uwarta. Jirgin kamar unguwa guda aka ɗora a kan ruwa. Ɗakinsu yana hawa na ƙasa, cikin wani dogon lungu mai shimfiɗar ja, ƙarami ne, gado biyu, babu taga.

Da la'asar, kafin jirgi ya tashi, aka yi shela kowa ya fito a koya masa abin da zai yi in hatsari ya auku. Tahani ta faɗa musu za a yi wannan, amma ita ma ba ta san za a busa ƙaho ba. Suna tsaye cikin ɗaruruwan mutane a wani babban zaure aka busa shi, gajeru a jere sannan mai tsawo. Abin toshe kunnen yana cikin jaka, Suhaila tana lalube, kafin ta ciro shi Lujain ta riga ta faɗi. Ihu take da dukkan ƙarfinta, tana buga ƙeyarta da ƙasa. Suhaila ta durƙusa ta sa tafin hannunta tsakanin kan da ƙasan, kowane bugu yana sauka a kan yatsunta. Wani ma'aikaci ya sunkuyo da rigar ceto yana cewa dole yarinyar ta gwada. Wata mata da ba ta cikin rukuninsu ta ɗaga waya tana ɗauka. Sauran iyayen ba su iya kawo mata agaji ba, kowace tana fama da nata.

Da ƙyar ta ɗauke ta, yarinya mai shekara tara, ta sauka da ita hawa huɗu a matakala, don Lujain ba ta shiga lif. Suna shiga ɗaki yarinyar ta kutsa tsakanin gado da bango ta ja bargo ta rufe kanta. Can Suhaila ta ji ƙasa tana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Jirgi ya tashi.

A gida, in abu ya ɓaci a wani wuri, ta san abin yi: ta tare tasi su koma Ka'akiyya. Nan babu tasi. Ta je ta tambayi wata ma'aikaciya a bakin ƙofa ko akwai yadda za a sauke su, matar ta ba ta haƙuri ta ce sai an dawo Jidda ranar Asabar.

Washegari Lujain ta ƙi yarda ko a taɓa ƙofar. In Suhaila ta kama hannun ƙofa sai ta fara ihu. Tahani ta kawo musu abinci har ɗaki, ta tsaya daga waje tana magana ƙasa-ƙasa, fuskarta duk damuwa.

"Ki yafe mini, wallahi ban san da ƙahon ba."

"Ba laifinki ba ne, malama. Je ki wajen sauran."

Ta wayarta take ganin tafiyar da ta zo. Matan rukunin suna turo hotuna: yara a wurin wanka, wani yaro yana dariya da hular kyaftin, rana tana faɗawa cikin ruwa. Ita kuwa ba ta san rana ta fito ko ta faɗi ba sai ta duba agogo don salla. Alƙibla ma sai ta kunna talabijin ɗin ɗakin ta gani, don jirgin yana juyawa. Mukhtaru ya kira daga hanyar Madina yana tambaya yaya teku, ta ce lafiya lau, da kyau. Taku biyar ne daga ƙofa zuwa bango, ta yi su har ta daina sanin tana yi.

Rana ta uku da hantsi jirgin ya tsaya kusa da wani tsibiri, kusan kowa ya sauka a ƙananan kwale-kwale. Lungun ya yi tsit. Sai aka ƙwanƙwasa a hankali, sau biyu. Wata dattijuwa ce cikin rukuninsu mai suna Maha, wadda Suhaila ta sani da gaisuwa kawai. A bayanta ɗanta Hamad ne, dogon mutum mai gemu, shekararsa ashirin da huɗu, shi ma irin Lujain ne, yana kaɗa yatsu kusa da idonsa.

"Mu ma ba mu sauka ba," in ji Maha. "Ba ya shiga ƙaramin jirgi. Bar ƙofar a buɗe, 'yata, kada ki ce mata komai."

Maha ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. Hamad ya kama tafiya a lungun, ya je ƙarshe ya dawo, yana taɓa lambar kowace ƙofa da yatsa. Ya yi haka ya fi sau goma. Lujain ta leƙo daga bargo. Can ta taso ta tsaya a bayan uwarta. Da ya sake wucewa sai ta fita, ba takalmi, ta bi bayansa tana miƙa hannu tana taɓa ƙofofin daidai tsayinta. Bai kalle ta ba, ita ma ba ta kalle shi ba.

Suhaila ta yunƙura za ta bi su, Maha ta riƙe mata abaya.

"Ina za su? Ƙarshen lungun ƙofar ƙarfe ce, na duba. Hau sama ki ga ruwa, ina nan."

"Khala," in ji Suhaila, wato inna da Larabci, "ba ta taɓa zama da kowa ba."

"Na sani. Ni ma sai da ya kai sha biyar na bar shi da wani. Hau."

Ta hau. Hasken ya kashe mata ido har sai da ta dafa ƙarfe. Ruwa ne ta ko'ina, shuɗi a nesa, kore a kusa da tsibirin, ana hango mutane ƙanana a kan farin yashi. Iska mai gishiri ta cika mata abaya. Ta tsaya ba ta san yadda za ta yi da hannayenta ba. Wani ma'aikaci ya tambaye ta ko tana son shayi, ta ce e, amma kafin ya kawo ta ji kamar ihu daga ƙasa, ta sauka a guje. Babu wanda ya yi ihu. Suna nan suna taɓa ƙofofi. Ko minti goma ba ta yi a sama ba.

Ta zauna kusa da Maha tana haki. Bayan ta huta ta yi tambayar da ta daɗe tana son yi wa wani.

"Khala, yana yin sauƙi?"

Maha ta kalli ɗanta. "Yana canzawa," ta ce. "Yanzu ba ya gudu. Amma ya fi ni ƙarfi, kuma gwiwata ta tafi. Da ina roƙon Allah ya warke. Yanzu roƙona ya ba ni tsawon rai, har in san hannun da zan bar shi a ciki."

Da azahar mutane suka fara dawowa da hayaniyarsu, Lujain ta koma bayan gado, ba ta sake fitowa ba sai da aka iso Jidda.

Bayan sun dawo, matan biyu suka yi shawara. Maha tana zaune ba nisa da su. Duk ranar Talata da safe takan zo da Hamad gidan Suhaila ta riƙe duka biyun, ranar Alhamis kuma Suhaila ta je ta riƙe mata. Awa biyu-biyu suka yanka wa juna.

Talatar farko Suhaila ta sa abaya ta tare tasi ta ce ya kai ta Harami. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba daga gidanta, amma shekara huɗu ke nan ba ta yi ɗawafi ba. Sun kai inda ake hango dogon agogon da ke kusa da Harami sai wayarta ta yi ƙara. Muryar Maha a natse take, amma a bayanta ana jin bugun kai da bango.

"Na so in ƙyale ki," in ji Maha, "amma Lujain ta fara ji wa kanta ciwo."

Suhaila ta ce wa direba ya juya. Ya kalle ta ta madubi ya ce saura kaɗan fa a isa. Ta ce ta gani, ya dai juya. A hanyar komawa ta tura wa Maha saƙo cewa ga ta nan, ta jingina wa Lujain filo a jikin bangon, kuma in Allah ya kai su Talata mai zuwa ta zo da wuri, kafin yarinyar ta farka.