Mai Buɗa wa Baba Shafi

Shekaranjiya na sayi sabuwar jakar fata. Ina zuge ta warin jima ya daki hancina, sai na ji wani tsohon haushi ya taso mini tun daga ciki. Kada ka yi dariya, mai karatu. Mace da 'ya'yanta, har furfura ta fara leƙowa, tana jin haushin abin da ya faru tun tana firamare. To, haka Allah ya yi ni.

Babanmu a kamfanin fata yake aiki a Challawa, ɓangaren rini. Duk sabulun Kano bai isa ya fitar da launin da ya kama hannuwansa ba. Faratan baƙi ƙirin, tafin kuwa wani satin ja, wani satin ruwan ƙasa, gwargwadon fatar da suka rina. Ni kuma malaminmu na Turanci ya yi mini katin laburaren gwamnati da ke cikin gari. Duk Asabar nakan bi yayana a bas in aro littattafan nan na labari cikin zane, waɗanda maganar mutum ke fitowa daga bakinsa a cikin 'yar da'ira. Komik muke ce musu.

Baba bai yi boko ba, amma Allah ya ɗora masa son littattafan nan. Sai dai ko da wasa ba ya taɓa su. Ya ce kayan aro amana ne, ba zai bar musu shatin yatsa ba. Don haka ranar Lahadi bayan la'asar, ranar hutunsa ke nan, sai a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa, ni kuma in raɓu da jikinsa ina buɗa masa shafi ina fassarawa. Mutumin da sauran ranaku sai dai mu ji ƙarar kekensa ya fita, mu ji ya dawo a gajiye. Wannan zaman nawa ne ni kaɗai, ko yayana ba ya raɓar wurin.

Ana nan sai ga 'yar gwaggona an kawo ta daga ƙauye, can Jigawa, wai ta zauna a wurinmu a sa ta makaranta. Taubashiyata ce, sa'ata kuma, ga baki kamar reza, amma ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Lahadin farko ta tsuguna a bayanmu tana leƙe. Ina cikin karanta abin da wani attajiri yake faɗa wa direbansa, sai kawai ta ce, “Kawu, ƙarya yake yi. Dubi idonsa, ƙofa yake kallo.”

Baba ya ce in dakata. Ya ƙura wa hoton ido, can ya kwashe da dariya, ya ce wallahi kuwa, irin kallon da manajansu yake yi ke nan in an je neman hutu.

Daga ranar zama ya canza. Ni na riga na cinye littafin tun a bas, na san ƙarshensa, hannuna har ƙaiƙayi yake in juya. Su kuwa sai su share wuri a shafi guda har shayin Baba ya huce, suna musun ko karen da ke lungun hoton na ɓarawon ne ko na mai gidan. In na ce ai rubutun bai faɗi haka ba, sai Baba ya ce to, a sanyaye, kamar yaron da aka tsawatar wa. Ran nan haƙurina ya ƙare, na ce su daina wahalar da kansu, direban ne zai mutu a ƙarshe. Da Lahadi ta zagayo Baba ya ce in huta, in ba 'yar'uwata ta riƙe littafin, ni in karanta in an tambaye ni. Ba a cika tambayata ba.

Kishi kam na sha shi, ba zan ɓoye maka ba. Har kwano ɗaya na daina ci da ita. Ni ke shan matsin bas, ni ke da kati, ni na iya Turancin, amma ita ce a jikin Baba. In ce mata baƙauya, ta ce mini uwar Turawa. Inna tana ji tana murmushi, wai wasan taubasai ne. Ni dai ba wasa nake ba.

Sai na ƙulla dabara. Akwai wata ma'aikaciya a laburaren, 'yar Filato ce mai tabarau, ita ke ba mu shawarar abin da za mu ara. Na ce ta zaɓo mini wanda rubutunsa ya fi zanen yawa, a raina ina cewa yau zan ga yadda za su yi in babu ni. Ranar Lahadi ina karantawa, Baba ya saurara da haƙuri, ya saurara, har ya fara gyangyaɗi. Taubashiyata ta miƙe ta tafi wanke-wanke. Da na mayar da shi matar ta tambaye ni ko an ji daɗinsa, na ce mai gidan ya yi barci. Ta yi dariya, ta tambayi irin abin da yake so, sannan ta miƙo mini wani siriri ta ce wannan ba zai yi barci ba.

Ban buɗe shi ba sai a bas. Ashe babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Wani tsoho ne akuyarsa ta ɓace a kasuwa, yana ta bin sawu, zane zalla daga farko har ƙarshe. Na so in tura shi ƙarƙashin katifa, sai dai idon yarinyar nan ya riga ya gani. Littafin da Baba ya sa na yi ta sabunta aronsa ke nan har damina ta wuce. Ina ɗaki ina jiyo dariyarsu, ni da na ɗauko shi da hannuna.

Inna ce ta same ni ina kuka, ta gaya masa. Ya kira ni ya zaunar, ya ce, “Uwata, ke in kin buɗe littafi kin san inda za a je. Ni da 'yar'uwarki tare muke ɓata hanya.” Shi a ganinsa lallashi ya yi. Ni kuwa fama mini ciwon ya yi.

Yau kamfanin nan an rufe shi, an mai da shi wurin ajiyar kaya. Yaran gidana a waya suke karanta nasu komik ɗin, ba su san hanyar laburare ba. Taubashiyata tana aure can Nijar. Baba kuma ido ya tafi, sai dai ya bambance duhu da haske. Ni nake arowa, ni nake zuwa ranar Lahadi, in karanta masa rubutun, in kwatanta masa hoton. Yanzu ba ya ganin komai sai abin da na faɗa masa, kuma Allah ya yafe mini, wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin hakan.

Lahadin da ta wuce na ce masa a hoton ga wani mutum tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Sai ya ce, “Kira mini 'yar'uwarki, ki gaya mata yadda ya tsaya, mu ji me za ta ce yana nufi.”

Na kira ta. Ni na riƙe masa wayar a kunne har suka gama dariyarsu.