Waƙafin da Ya Raba Ni da Aiki

Ko zan manta komai na shekarun koyarwata, ba zan manta ranar da waƙafi ɗaya tak ya raba ni da aiki ba.

Lokacin ina sabuwar malamar Turanci a wata makarantar kuɗi a Nasarawa Gwom. Yaranmu suna da wata ɗabi'a: yadda muke ɗan tsayawa kafin mu ce "kuma" a Hausa, haka suke dasa waƙafi kafin kowane "and". A jarrabawa ɗan mai makarantar ya rubuta, "I bought tomatoes, and onions." Na soke waƙafin da jan biro, na cire maki. Makin nan ya mayar da shi na biyu, wata yarinya ta zo ta ɗaya.

Washegari sai ga uban, wani Alhaji mai harkar katako, har cikin aji ba ko sallama.

"Malama, mu an koya mana duk inda ka ja numfashi, nan ake sa waƙafi. Ki mayar masa da makinsa, ko ki ɗauki jakarki."

Aikin nan kaɗai gare ni. Amma raina ya riga ya ɓaci.

Na ce, "Alhaji, in numfashi ne, ai mai ciwon asma sai ya cika takarda da waƙafi."

Na ɗauki alli na rubuta, "I bought tomatoes, and my mother cooked them." Na ce wa yaran, "Nan ne wurinsa, don kowane ɓangare jimla ce mai iya tsayawa da ƙafarta. Albasa kuwa ita kaɗai ba jimla ba ce." Na ajiye allin, na ɗauki jakata. Sai da na fita titi na fashe da kuka.

Bayan shekaru, ina tayin dankali a kasuwar Farin Gada, wata mata ta riƙo hannuna. Ashe yarinyar nan ce da ta zo ta ɗaya, ta zama malama. Ta ce bayan tafiyata an ƙwace mata na ɗayan, amma har yau da jimlata take koyar da waƙafi. "Malama, ina gaya musu na san wadda ta tsaya da ƙafarta."

Ranar na gane cewa mai makaranta yana iya canza maki, amma ba ya iya goge abin da yara suka gani da idonsu. Ko yau aka sake kawo mini takardar nan, sai na soke.